Takalmin Ƙanƙara a Kan Ƙunshi

"Mama, in mutum zai mutu, ta ƙafa yake farawa?"

Haifa tana cikin tsiyaya shayi 'yarta Arwa ta jefo tambayar daga bayan kujera. Surukar Haifa, Mairama kakar Arwa, da ta zo musu yini unguwar Shisha daga unguwar Utaibiyya a nan Makka, ta ajiye kofi.

"A'uzubillahi! Wa ya koya miki wannan zance, ya binti?"

"Ke mana, Sitti. Kin ce ranar da kakana Jaddi ya rasu ƙafafunsa ne suka fara sanyi. To ni ma ta hagun nan ba na jin ta."

Butar ta kusa suɓuce wa Haifa.

Arwa shekararta bakwai. Da karkatacciyar ƙafar hagu aka haife ta, aka yi mata aiki tun tana goye. Tana tafiya, tana gudu, sai dai idon sawun ba ya lanƙwasuwa, doron ƙafar ya yi tudu, wajen tabon kuma ba ta jin taɓi sosai. A Makka wannan bai taɓa hana komai ba, tunda silifa ce shekara da shekaru. Sai ga ubanta Talal ya ce hutun bana Turkiyya za su, yarinya ta ga ƙanƙara ta koyi wasan zamiya a kanta kamar 'ya'yan kowa. Haifa ta san takalmin haya ba zai shigi wannan ƙafa ba, shi ya sa ta yi odar nata ta waya. Da safiyar nan aka kawo shi: roba mai tauri kamar bokiti, har ƙwauri, da maƙalan ƙarfe.

Da ƙyar ya shiga. Sai Haifa ta yi abin da uwarta take yi da takalmin sallah. Ta sa mata safa mai kauri, ta ƙara wata a kai saboda sanyin can, ta danne maƙalan, ta ce ta yi ta yawo a falo har ya saki. Arwa ta yi ta mita wai yana matse ta. "Haƙuri, habibti, sabo ne." Bayan azahar mitar ta ɗauke, Haifa har ta ji daɗi, ta ce ya fara laushi.

Ashe ba takalmin ne ya yi laushi ba.

Ta durƙusa ta ɓalle maƙalan, ta ja. Ko motsi. Ƙafar ta kumbura a ciki, idon sawun kuma ya ƙi miƙewa balle ta zamo.

"Inna, riƙe min bakin nan! Ki buɗa shi iya ƙarfinki!"

"Wannan takalmi ne ko tarko?" Mairama ta kama gefe ɗaya, Haifa ta taka diddigen da gwiwa ta ɓare ɗaya gefen, har roba ta yanke ta a yatsa. Ƙafar ta fito. Haifa ta zare safar ta duba yatsun don ta ga launinsu, sai ta yi turus. Ƙunshin da aka yi wa Arwa na biki makon jiya na nan baƙi ƙirin, daga farce har tafin ƙafa. Babu abin da ido zai gane.

Sama da layin lallen ta ga abin. Wata zurfafar shaida ta ratsa doron ƙafar, fatar wurin ta yi fari kamar toka, tabon aikin ya tashi da ruwa. Ta taɓa yatsun, sanyi ƙalau, alhali ɗakin ko mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba a kunna ba.

"Kin ji na matsa?"

"Kin matsa ne?"

"Inna lillahi," in ji Mairama. Ta miƙe ta nufi butar shayi. "A gasa mata da ruwan zafi."

"A'a, Inna! Ba ta ji. Sai ta ƙone ba mu sani ba."

Haifa ta naɗe ƙafar da tawul, ta saɓa yarinyar a kafaɗa, abaya a karkace, ta sauka ta tare tasi. A hanya ta kira Talal. Ya ce, "Wane takalmi? Ba sai mun je can ake sawa ba?" Ta kashe wayar.

Kafin su kai asibiti Arwa ta tsandara ihu, wai allurai na sukar ta a yatsu. Direba ya waigo a tsorace. Daktorar da ta duba ta ce wannan ihun shi ne alheri, jini ne ya dawo. Amma da ta ji tun yaushe takalmin ke ƙafar, ta juyo ga Haifa.

"Wannan ba takalmin fata ba ne, ya ukhti. Ba ya saki. Ƙafar ce ke sakar masa. Da ta kai magariba a ciki, da wani zancen muke yi."

Ƙurjin tabon ya ci makonni, tafiyar ta koma baɗi. Da ya warke, Haifa ta kai ta wani shagon kayan wasanni a Jidda da ƙafarta. Aka auna kowace ƙafa daban, da safa ɗaya siririya. Aka ɗaga diddigen hagu da ɗan tudu don idon sawun ya huta, aka ɗumama robar aka faɗaɗa ta daidai doron. Haifa ba ta bari an danne maƙali ko ɗaya ba sai da Arwa ta motsa mata yatsu ta ce tana jin su.

Kai mai karatu, ke mai ɗa irin Arwa, kada ku sayi takalmin nan ƙafar ba ta wurin. Kada ku ninka safa, kada ku jira ya saki. In kuma yaro ya yi ta kuka da takalmi sannan ya yi shiru, kada ku gode wa takalmin. Ku cire shi nan take.