Hannun Bahago

Bahago mahauci ne a Ƙofar Jatau. Tun yana saurayi kawunsa ya koya masa dambe. Abu guda tsohon ya fi nanatawa: idan aka kawo maka hari kada ka tsaya tunani, ka goce, ka tare da hannu ɗaya, ka saki ɗayan. Ya yi ta maimaitawa har abin ya bar kansa ya koma cikin jikinsa.

Bayan an gama yaƙin basasa ƙaninsa Mika'ilu ya dawo daga soja, ba kamar yadda ya tafi ba. Ƙarar rufe ƙofa ma sai ta sa ya kwanta rub da ciki. Wani lokaci ya fita ba takalmi, sai an bi sawu.

Ran nan da la'asar Bahago ya fita nemansa wajen Ƙofar Kuyambana. Yana bin gindin ganuwa sai ya ji an shaƙo wuyansa ta baya, ana ihu da wani yare. Bai san sa'ad da ya sunkuya ya juya ba. Hagunsa ta riga idonsa isa.

Mika'ilu ne kwance, jini na bin kunnensa.

A bayansa ya goyo shi har gida. Iya, mahaifiyarsu, ta dubi muƙamuƙin da ya karkace, ta dubi hannun Bahago. Ruwan zafi kawai ta ɗora.

Mika'ilu ya tashi, amma bakinsa bai koma daidai ba, kuma bai tuna abin da ya faru ba. Fita ma ya daina, sai in da yayansa. Bahago ya bar dambe. Ko kiɗan ya jiyo daga nesa sai ya sake hanya.

Kullum da safe, in zai tafi mahauta, Mika'ilu na zaune a zaure yana jiransa.

"Yaya, an gano wanda ya buge ni?"

"Ba a gano ba tukuna."

"Da kana wurin da bai isa ba," in ji shi, yana murmushi da rabin baki. Sai ya kamo hannun hagun nan ya riƙe gam, har sai Iya ta fito ta ɓamɓare yatsunsa.