Giyar Injin Malam Abdulgani

Yari kafinta ne a Sabon Birni, kuma in kana son ganin fushinsa, ka kira injin babansa tsohon ƙarfe. Injin share katako ne, baƙi ƙirin, ya girmi Yarin kansa. Marigayi Malam Abdulgani ya shigo da shi daga Nijar tun yana saurayi, ya ci abinci da shi har ya koma ga Allah. Bayan rasuwar da 'yan watanni wata 'yar giya mai haƙora, wadda ke ɗaga teburin injin tana sauke shi, ta dare gida biyu. Daga ranar shago ya yi tsit.

Yayansa Zayyanu, wanda bai taɓa riƙe zarto ba, ya ce gado ne na kowa, kuma gadon da ba ya motsi 'yan gwangwan yake jira. Ya ba Yari zuwa faɗuwar ruwan farko. In injin bai tashi ba, za a farfasa shi a ɗora a sikeli.

Yari ya ƙulle giyar a hankici ya hau babur. A Isa wani makanike ya juya ta ya ce ta famfon ban ruwa ce. A Shinkafi aka rantse masa ta tsohuwar tarakta ce. Mai walda ya ce ya kawo ya liƙe, Yari ya fizge abarsa kamar an ce za a yi wa ɗansa sakiya. A Sakkwato wani mai sayar da kayan inji ya ɗauki hotonta da waya, ya tura wa ɗan'uwansa a Legas, amsa ta dawo cewa babu injin katako a duniya mai irin wannan giya.

"To ni daga cikin mi nik kwance ta?" in ji Yari. "Daga cikin tukunya?"

Kansa ya ɗaure tamau. Da hannunsa ya kwance ta, ya san inda take zaune, amma duk wanda ya nuna wa sai ya dube shi kamar mai taɓin hankali. Har ya fara zargin kansa, ya koma shago ya sake zura ta a gurbinta. Ta zauna daram.

Ya bi ta Burkusuma ya tsallaka Nijar, tunda daga can injin ya fito. A Madawa wani dattijo mai tara tsofaffin injuna ya kai shi bayan gida, sai ga ɗan'uwan injin babansa kwance cikin ciyawa, iri ɗaya sak. Yari ya kusa yin guɗa. Aka kwance giyar wurin, aka ɗora kusa da tasa. Ba su ko yi kama ba. Ta dattijon ma ta cinye, haƙoranta duk sun zube.

"Wagga ita ta ta asali," in ji dattijon. "Taka kau, Allah kaɗai Ya san inda mahaihinka yas samo ta."

Ya dawo gida hadari na haɗuwa a gabas, ransa a jagule. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya yi ta yi wa mutane bugun ƙirji cewa ko ƙusa ɗaya ba a taɓa canja wa injin nan ba. Ya shiga gaida mahaifiyarsa, Inna Maryamu, ya zube a tabarma, ya jefar da hankicin gefe. Ƙullin ya kwance.

Inna ta daina tsince wake. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta kai kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Ina kas samu giyata?"

"Giyarki, Inna? Ta injin Baba ta."

"Ta injin Baba!" Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, aka ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado. Ta fito da injin taliya na murzawa da hannu, duk ya yi tsatsa, ta dire shi gaban Yari. A gefensa akwai gurbin giya biyu. Ɗaya na nan, ɗaya wayam.

"Ina da cikinka babanka yaz zo yac ce in ara mai, aiki ya tsaya mashi, za shi maido min in an ci kasuwa. Kasuwa nawa anka ci, Yari? Sana'ata kenan yak kashe, kullum ni tambaya sai ya ce mako mai zuwa."

Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta goge ido da bakin zane. Yari ya je har wata ƙasa neman abin da ke ƙarƙashin gadon da aka haife shi a kai.

"Kwance ɗayar ka tahi da ita," in ji ta. "Amma aro na, ka ji ko? Haka shi ma yac ce."

Washegari da hantsi 'yan gwangwan suka iso da kurarsu, Zayyanu na gaba. Suka tarar da shago ya cika da ƙara, ɓawon katako na tashi, Yari na murza hannun teburi yana hawa yana sauka. Zayyanu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hangi Inna zaune a kan benci a jikin bango, ita da rabonta da taka shagon tun rasuwar Malam.

Yari ya kai hannu zai kashe injin don su gaisa.

"Bar shi," in ji Inna. "Tun randa anka hita da babanku ban sake jin wagga ƙara ba. Bar shi in ji."