Lemun Tsami na Huɗu

A shekarar 1981, lokacin da birnin nan yake amsa sunan Madras, masana'antarmu ta ƙera motocin bas domin wata ƙasa ta Afirka ta Yamma. Mu dai, Turawan Ingila sun bar mana tuƙi ta hannun hagu. Masu sayen kuwa ta hannun dama suke bi. Saboda haka aka sa sitiyari a hagu, ƙofar fasinja a dama. A titinmu, wannan ƙofa ba gefen hanya take kallo ba, tsakiyar titi take buɗewa.

Ni ne injiniyan da aka ɗora wa gwajin ta farko. Direba shi ne Velayudam, bakanike kuma Sinnasami, ƙanin matarsa, wanda ya shekara da shekaru yana dirowa daga mota tun ba ta gama tsayawa ba, don ya taɓa taya ya ji zafin birki.

Da safe mai kula da ɗakin bauta ya fasa kwakwa, ya rataya furanni, ya ajiye lemun tsami a gaban kowace taya, domin mota ta murƙushe su, sharrin hanya ya sauka a kansu. Velayudam ya tayar. Uku suka fashe. Na huɗu, na tayar gaba ta dama, ya sulle ya gangara gefe ko ƙwarzane babu.

Na bayyana wa ma'aikatan da ke farfajiya cewa direba bai saba zama a hagu ba, shi ya sa ya karkata. Ba wanda ya musa mini, ba kuma wanda ya kalle ni. Mai ɗakin bauta ya ce a sake, manaja ya ce jirgin ruwan da zai kwashi motocin ba ya jiran lemo.

Velayudam ya sauko, ya ɗauki lemon, ya ajiye shi a kan matakalar ƙofa.

“Duk lokacin da ka gan shi,” ya ce wa Sinnasami, “ka tuna ƙofar nan ba ta gidanmu ba ce. Ka leƙa kafin ka sauka. Ba ni da abin da zan gaya wa yayarka in wani abu ya same ka.”

“Mijin yaya, mutumin da ya kasa taka lemo shi zai koya mini sauka?”

Muka kama hanyar kudu da buhunan yashi a kan kujeru maimakon mutane. Kowace babbar mota ta wuce, sai ƙofar ta girgiza, lemon ya mirgina ya dawo. Rabin idon Velayudam na titi, rabi na kan ƙanin matarsa. Sau biyu muka tsaya, sau biyu Sinnasami ya leƙa, har da yi wa titi gaisuwa don tsokana.

Bayan mun wuce Chengalpattu, a wata gangara, ƙaurin birki ya cika motar. Velayudam ya gangara gefe. Sinnasami ya zabura, ya banke ƙofa. Hankalinsa ya riga shi zuwa wurin taya, ƙafarsa tana yin abin da ta saba. Na ga bakin direba ya buɗe. Na kuma ga wata motar rake ta cika madubi.

Dugadugin Sinnasami ya sauka kan lemon. Ya zame, ya faɗi da baya a kan matakala. Motar raken ta wuce da ƙofar da takalminsa ɗaya.

Mun daɗe ba mu motsa ba. Ruwan lemon yana ɗiga a kan kwalta.

“Ya fashe,” in ji Velayudam a hankali.

Da muka koma, ba ƙofa, Sinnasami yana zaune can ƙuryar baya riƙe da ƙugunsa. A farfajiya sauran motocin suna jere suna jiran gwajinsu, kowace da ƙofarta a dama. Ya tsaya yana kallonsu, sa'an nan ya tambayi mijin yayarsa ko gobe ma su biyun ne za su fita gwaji.