Man Zaitun a Goshin Nora

"Sake kira, Hure," in ji Nora.

Na sake danna lambar. Wayar ta yi ƙugi, ta katse. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum haka layin yake.

Nora maƙwabciyata ce a unguwar Utaibiyya ta Makka, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. 'Yar Sudan ce, tana aikatau a unguwar Shisha, ba iƙama, wato takardar zama, kamar ni. Ciwon ciki ya kwantar da ita, mara takarda kuwa ba ya kusantar asibiti.

"Wai wa muke ta nema, ya ukhti? 'Yarki?"

"Fada."

Na tsaya ina kallonta. Ta ce ita Katolika ce, da sunan Musulma ta shigo neman abinci. Shekara da shekaru sai ta kunna fanka take addu'arta, don kar a ji. Fadan kuwa, wato limamin cocinsu, tun da harbi ya isa unguwarsu a Khartum ba ta san ko yana raye ba.

"A Makka, Nora? Har azumi kike yi da mu!"

"Kununki ne ya ja ni." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "A wurinmu ba a barin mutum ya tafi a bushe. Fada ke shafa masa mai a goshi da tafin hannu. Garin nan ba Fada. Ke kaɗai gare ni."

"Ni Musulma ce. Ban san addu'arku ba."

"Ni zan yi addu'ar. Ke dai kawo hannu."

Na fita na daɗe a tsaye bakin ƙofa. Ba wanda zan yi shawara da shi, in mutum ɗaya ya ji, unguwa ta ji. Sai na shiga ɗakina na ɗauko man zaitun da nake zuba wa ful, dafaffen waken nan.

Na koma wurinta, na tsoma babban yatsa. Bakina ya ce bismillahi da kansa. Ta ji, ba ta hana ni ba. Na shafa goshin, na shafa tafukan. Ta yi ta raɗa da Larabcinsu, tana ambaton 'yarta, da Fadan, har da masu harbin. A hankali muryar ta ƙare.

Na rufe mata ido, na ja mayafi na lulluɓe ta. Ana kiran la'asar. Na tsuguna alwala a bakin famfo, ruwa yana ta zamewa daga kan yatsan nan, ya ƙi kama shi.