Asabar Ɗin Da Auta Ya Roƙa

A ƙasar Daura babu mai jinyar da ke buƙatar taimako, domin addini da zumunci sun gama da wannan matsala tun kafin Bature ya ƙirƙiro gidan ajiye tsofaffi. Alhaji Nu'uman ne ya faɗi haka a wani taro a Katsina, inda yake darakta a wata ma'aikata, kuma an tafa masa. Ya kafa hujja da gidansu: mahaifinsu, Malam Sama'ila, tsohon dillalin shanu, ya yi shekara da shekaru kwance da shanyewar ɓarin jiki, amma ko yini guda ba a taɓa barinsa shi kaɗai ba.

Bai yi ƙarya ba. Ƙaninsa Auta ba ya barin tsohon.

An raba aikin ne bisa ilimi. Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Nu'uman ya saki gemu ya koma muftin gida, shi ya sanar da 'yan'uwansa mata cewa bai kamata 'ya ta ga tsiraicin ubanta ba, suka karɓi hukuncin hannu biyu. Ɗanbaba, mai bin Nu'uman, da ke kasuwa a Kano, Allah ya yi shi da raunin zuciya, ba ya iya kallon Baba a haka. Nu'uman yana da ciwon baya, ga hidimar al'umma. Auta kuwa keken ɗinki kawai gare shi, aka lura keke ba ya zuwa ko'ina in an rufe shago. Aka rufe.

Shi ke ɗaga tsohon, ya ɗora shi a kan fo, ya wanke shi, ya juya shi don kada gyambo ya ci bayansa, ya ɗura masa kunu da cokali. Ran Juma'a sauran sukan zo dubiya. Kafin su iso sai ya yi wa Baba wanka, ya sauya ledar katifa, ya turare ɗaki. Su zauna su yi addu'a, su kwashi ladan dubiya, su ce masa, "Kai kam Aljanna ta gama zama taka." Daga nan kowa ya nemi takalminsa.

A barandar asibiti Auta ya san Murja, wata mata 'yar Sandamu. Lokacin tana jinyar mijinta, shi yana jinyar Baba, suna aron bokiti a junansu. Mijin ya ja ta shekaru kafin ya rasu. Bayan ta fita takaba suka ci gaba da waya, har magana ta kai ga aure. Ita kaɗai ke kiransa da sunansa na yanka.

"Abdulmuhaimin, abu ɗaya zan gaya maka," in ji ta. "Zan dafa, zan share, zan gaida Baba safe da yamma. Amma na gama ɗaukar fo a duniya. Bayana ya ƙare a wancan gidan."

Ya rantse mata ba za ta taɓa ba. Baffanta, Malam Audi, wanda shi ne waliyyinta, ya ce ya ji, amma yana so mutumin ya zo da ƙafarsa ran Asabar ya maimaita a gabansa. Daga Daura zuwa Sandamu ba wata tafiya ba ce a babur. Sai dai a samu wanda zai zauna da Baba.

Da aka watse daga dubiyar Juma'a Auta ya tare Nu'uman a zaure.

"Yaya, gobe nake so ka zauna da shi. Daga hantsi zuwa la'asar. Baffan Murja na nemana a Sandamu kan maganar aure."

"Ni?"

"Kai. Ubanka ne."

"Ka iya bakinka. Wa ke aiko da maganin?"

"Magani ba ya ɗaga mutum, Yaya. Zo in nuna maka, ba wuya. Ka sa hannu ta ƙarƙashin hammata, ka—"

"Da wannan bayan nawa? So kake mu kwanta mu biyu ka huta?"

"In kun kwanta ku biyu ai ni dai zan wanke ku."

Nu'uman ya yi salati. Ya ce wannan ita ce illar daɗewa ba aure, tana sa mutum tsaurin ido. Ya kira Ɗanbaba da ke ƙoƙarin shiga mota, Ɗanbaba ya ce wallahi gobe kaya za su iso masa, kuma shi ko warin ɗakin ya shaƙa sai ya yini bai ci abinci ba. Daga ciki Malam Sama'ila ya ɗaga murya da rabin bakin da ya rage masa. Sunan Nu'uman yake kira. Shi ne sunan da bai taɓa ɓace masa ba, kuma duk wanda ya kira, Auta ke zuwa.

Nan take Nu'uman ya samo mafita, irin wadda ake tafa masa a kanta.

"To wai ma tun yaushe ango ke zuwa neman wa kansa aure kamar marar dangi? Ni zan je. Da motata, da mutanena. Su ga gidan da 'yarsu za ta shiga."

"Ni ya ce yana son gani."

"Zai ga wanda ya fi ka."

Auta ya dubi ƙofar ɗakin Baba, ya dubi yayansa. Maƙwabta sun daɗe da gajiya da shi. Wanda ya taɓa zama sau ɗaya ya tarar da abin da ya tarar, bai sake amsa sallama ba.

"To abu ɗaya, Yaya. Ka ce masa jinya tawa ce, ba tata ba. Ko kuma kada ka taɓo maganar jinya sam."

"Ni za ka koya wa magana?"

Washegari Nu'uman ya sauka a Sandamu cikin babbar riga da mutum uku a bayansa. Malam Audi ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya tambayi ina mai neman. Nu'uman ya ce yana bakin aikin lada, kuma daga nan bakinsa ya kama hanyar da ya saba. Ya yi bayanin gidajen tsofaffi na Turai. Ya yi bayanin zumunci. Ya ce su gidansu ba su taɓa ɗaukar ɗan haya ya taɓa mahaifinsu ba, kuma ba za su fara ba.

"Shi ya sa da muka ji 'yarku ta yi jinyar mijinta har ya koma ga Allah, muka ce alhamdulillahi, ga wadda ta san aikin. Ba sai an koya mata ba. Shi ma yaron ya samu ya buɗe shagonsa. Kun ga ta fita daga wani lada ta faɗa wani."

Mutanensa suka ce Allahu Akbar. Malam Audi bai ce ba. Ya ce za su yi shawara, ya sa aka kawo fura. Zauren gidan ba shi da ƙyaure ta ciki, labule ne kawai, kuma Murja tana bayansa.

Ba ta yi waya ba. Ran Lahadi da hantsi ta zo da kanta, cikin hijabi, da 'yar ledar lemo. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaida Malam Sama'ila, ya bi ta da ido. Ta dubi bokitin, ta dubi zannuwan da ke shanye a igiya, kamar mai duba gidan da ta taɓa zama. Sannan ta fito tsakar gida.

"Ashe ma'aikaciya kuke nema."

"Ba ni na faɗa ba, Murja. Na hana shi."

"Ka hana shi! Ka ga yadda ya hanu."

"Rantsuwata tana nan."

"Rantsuwarka ta kasa kai ka Sandamu. Yini ɗaya, Abdulmuhaimin. Ba su ba ka yini ɗaya ka nemi aure ba, ran da zazzaɓi ya kayar da kai wa zai shiga ɗakin can? Darakta?"

Ta nuna kanta da yatsa.

"Ni ce. Kuma zan shiga, abin haushin ke nan. Ba zan iya jin tsoho yana kira in toshe kunne ba. Sun sani, kai ma ka sani."

"To ki jira."

"In jira me? Faɗi mana. In zauna ina jiran mutuwar ubanka? Na taɓa jiran irin wannan, har yau ban yafe wa kaina ba."

Ta ajiye masa lemon a kan turmi. Ta ce ya riƙa sa matashi tsakanin gwiwoyin tsohon, ta ga fatar wurin ta fara ja. Ya raka ta zaure. Daga nan ba ya wucewa, don daga nan ne ake iya jiyo ɗakin.

Da la'asar Nu'uman ya bugo waya daga Katsina. Ya ce ya ji labari, kuma Allah ne ya rufa musu asiri: macen da ke gudun lada ba matar gidansu ba ce. Ya ce kada Auta ya damu, zai sa a duba masa wata, mai tsoron Allah. Ya ce a gaida Baba, a gaya masa ranar Juma'a suna tafe da baƙi daga ofis, a gyara ɗakin sosai.

Auta ya kashe wayar. A ciki tsohon ya fara kiran Nu'uman. Ya ɗauki bokiti, ya tsaya ya zare matashin da ke kan tasa shimfiɗar, ya shiga.

"Na'am, Baba," in ji shi.