Akwatin Injiniya

Ina tsakiyar yanka katako maƙwabciyata Mama ta leƙo shagona ta ɗaga hannu. Na kashe injin.

"Yana kiranka," ta ce.

"Ƙarar ce ko, Mama? Na manta an sallamo shi daga asibiti."

"Ba ƙarar ba ce. Taho dai."

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakin aikin mijinta, wanda duk layinmu ke kira Injiniya. A kan bangon nan muka yi shekaru muna 'yar tsama. Ni kafinta ne, injina kuwa in ya tashi har cokulan gidansu sai sun yi rawa. Shi kuma aikinsa ko tafiyar kyanwa ba ya so. A cibiyar nazarin taurari da ke kan dutse ya yi aiki, da ya yi ritaya sai ya kwaso aikin ya dawo da shi gida.

Na same shi a kujera an tokare shi da filo, ya rame har agogo na yawo a hannunsa. A kan teburin gabansa akwai wani faranti na ƙarfe, an ɗaure masa ƙananan madubai, da wata 'yar kyamara da ba ta wuce kwalin ashana ba.

"Sarkin girgiza," ya ce, "zo ka ga abin da kake ɓata min."

Ya nuna allon kwamfuta. Layuka ne a jere, fari da baƙi, kamar zanen katifa.

"Buga ƙafa."

Na buga. Layukan suka watse, can suka dawo.

"A can kan dutse muna da manyan maduban hangen nesa, nesa da juna," ya ce. "Kowanne ya kamo hasken tauraro ɗaya, a bi da shi ta ƙarƙashin ƙasa, a haɗa su a kan faranti irin wannan. In tafiyarsu ta zo daidai, layukan nan su fito, kyamara ta ɗauka. Da su ake auna faɗin tauraro."

"Daidai kamar yaya?"

"Raba gashin kanka gida ɗari ka ɗauki ɗaya. Shi ma ya yi kauri."

"To ni da sanƙo ya gama da ni fa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mama ta ba shi ruwa tana hararata.

Da ya huta ya faɗi buƙatarsa. Farantin nan shi ne aikin da ya ƙare ƙarfinsa a kai, kuma ya kammala. Tsohuwar ɗalibarsa, wadda yake kira Dakta, za ta zo ƙarshen mako ta tafi da shi cibiyar. Hanyar dutsen duk gargada ce. In madubi ɗaya ya goce, babu wanda zai zauna ya sake saita su yadda ya yi. Akwati yake so.

"Ka fi kowa sanin girgiza," ya ce, "tunda kai ke sayar da ita."

"Mu bari ka ji sauƙi, Injiniya."

"Kafinta, bar wa likitoci wannan maganar. Ɗauko awonka."

Na auna. Washegari na kama aiki da zarton hannu don kada in dame shi. Kafin azahar sai ga Mama.

"Wai ya ce ko kai ka riga shi mutuwa ne? Ka tayar da injinka, shirun ya yi masa yawa."

Na tayar.

Ranar da na kai akwatin, ya sa na ɗora masa a cinya. Ya shafa kusurwoyin bai kushe ba, wanda a wurinsa yabo ne. Sai ya danna soson ciki da babban yatsa.

"Ya yi tauri. Runguma nake so, ba shaƙewa ba."

Raina ya ɗan sosu, amma na tafi kasuwa neman mai laushi. Sai da na zaga rumfuna da dama kafin na samu. Ina dawowa, soso a hammata, na tarar da maƙwabta tsaye a ƙofar gidan.

"Cewa ya yi in buɗe masa taga," in ji Mama. "Na buɗe, na leƙa kicin na dawo. Shi ke nan."

"Allah ya jiƙansa, Mama."

"Amin. Ka ƙarasa masa akwatinsa."

Bayan an binne shi na canza soson. Dakta ta zo a ranar da suka yi alkawari, idonta jawur. Ta sa safar hannu ta ɗaga farantin, ni na riƙe murfi. Ya zauna ɗas. Ta gaya wa direba ya tafi kamar ƙwai ya ɗauko.

Daga baya ta kira Mama ta ce sun isa, babu abin da ya goce. Gwajin da hasken tauraro kuwa sai an yi watanni.

Mama ta aiko in zo in ji labarin. Na same ta a ɗakin aikin, ta shimfiɗa bargo a kan teburin da babu komai yanzu, tana goge rigunansa ɗaya bayan ɗaya tana ninkewa.