Saura Hoto Bakwai

"Ba wannan ba, Asama'u. Mayar da ita. Wannan sai mai ido da hannun da ya saba."

Asama'u ta mayar da baƙar kyamarar mai nauyi cikin akwatin ƙarfe, ta goge tafinta da gefen mayafi. Tana durƙushe ne a bakin ƙofar ɗakin Malam Nababa, maƙwabcinta da danga ɗaya ta raba su shekara ashirin da biyu. Yana kishingiɗe a kan katifa, an tokare masa baya da matashi biyu, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Matarsa, Inna Tahira, tana tsaye riƙe da kofin kunun da ya ƙi sha tun da gari ya waye.

"To wannan ƙaramar fa, Baba?"

"Roba ce zalla, ta 'yan biki. Abin da ya wuce taku biyar dishi-dishi take fito da shi. Ɗauko ta cikin jan ƙyallen nan."

Ta kwance ƙyallen. Kyamara ce ruwan toka, ba babba ba, ba ƙarama ba, gefenta ya koɗe inda yatsunsa suka saba kamawa. Malam Nababa ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana yawon ɗaukar hoto a ƙauyukan Minjibir a kan keke, daga suna zuwa saukar karatu. Da idonsa ya fara rauni, sai ya shiga Kano ya wuni cur a wajen 'yan gwanjo. Ya taɓa manyan na ƙwararru ya ajiye, ya tsallake na roba, ya zaɓi wannan ta tsaka-tsaki saboda ita ke saita kanta. Daga baya wayoyi suka kashe sana'ar, ya koma gona, amma bai daina ɓoye fim a gwangwani bayan randa ba.

"Karanta min lambar da ke samanta."

"Ashirin da tara."

"Saura bakwai ke nan. Sun isa, in ba ki yi ɓarna ba."

Inna Tahira ta dire kofin. "Malam, likita cewa ya yi ko tsakar gida kada ka taka. Gona za ka?"

"Mu huɗu muka binne dutsen iyakar nan, Tahira. Uku suna maƙabarta. Dagaci ya ce sai Asabar ta sama zai saurari maganar. Ke kin ga alamar Asabar ta sama a jikina?"

Ta juya ta fita.

Asama'u ta sunkuyar da kai, don saboda ita ake wannan duka. Tun da mijinta Muhammadu Sani ya rasu bara waccan, gonar da ya bari ita ke ciyar da ita da 'ya'yanta mata huɗu. Sabo, ɗan baffan marigayin, shi ke da gonar da ke jikin tasu. Ya sayar da tasa ga wani mutumin birni, kuma wajen nuna iyaka ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ta marayu. Jiya da yamma tarakta ta iso garin. In ta bi ta kan gambar iyaka yau, babu sauran abin da za a nuna wa dagaci.

"Baba, ai Tasi'u yana da waya mai hoto," ta ce a hankali. "Da ka yi mana kwatance kawai."

"Shi ma ya ɗauka. Amma Sabo ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa hoton waya ko yara suna sauya shi. Wannan tana da dodo, wato fim ɗin da ake fitar da hoton daga jikinsa, a ɗaga shi a rana kowa ya gani, kuma tana buga kwanan wata a gefe. Matso ki ji."

Ta matsa. Numfashinsa yana fita da ƙyar, yana tsayawa tsakanin magana.

"Ki leƙa ta nan. Abin da kike so, ki sa shi cikin ɗan zoben da ke tsakiya. Ki danna rabi kawai. Za ki ji ta yi 'yar ƙara, koren haske ya kama. In ya tsaya cak, ki ƙarasa dannawa. In yana ƙiftawa, ba ta gani ba, kada ki yi asara. Rana ta zama a bayanki. Batirin ya yi rauni, irinsa kuma sai Kano, kada ki kunna sai mun isa. Abu na ƙarshe, ko me za a yi, kada wani ya buɗe bayanta. Haske na shiga, shi ke nan."

Tasi'u, magidancin da ke dako da amalanken shanu a unguwar, ya shigo da sallama. Shi ya sungumi tsohon ya kwantar a kan buhunan da aka shimfiɗa. Za su tashi sai ga Inna Tahira da lema da gorar ruwa. Ta miƙa wa Asama'u ba tare da ta kalli mijin ba. "Ki dawo min da shi," ta ce.

Hanyar gona ba ta da nisa, amma Asama'u ta ji kamar ba za ta ƙare ba. Ruwan farko ya sauka kwana uku da suka wuce, ƙasa ta yi laushi, mutane sun bazu suna shukar gero tsakanin tsibin taki. Duk gonar da suka wuce sai a ɗago a bi su da kallo. Duk ramin da ƙafar amalanken ta faɗa sai Malam Nababa ya runtse ido. Kafin su kai gindin ɗorawar da ke mararraba suka jiyo rurin tarakta.

"Tasi'u, ƙara musu," tsohon ya ce.

Sun tarar ta riga ta nome kusan rabin gonar Sabo, tana kaiwa tana komowa, kowane zagaye tana ƙara matsowa. Sabo yana tsaye da hannu a ƙugu. Da ya hango su sai ya taho da sauri.

"Haba matar Yaya! Mara lafiya kika ɗauko cikin ranar nan? In ya mutu a nan wa za a ce ya kashe shi?"

"Ni na kawo kaina," Malam Nababa ya ce. "Asama'u, fara da layin gambar, daga nan har kwari."

Ta danna makunni, idon kyamarar ya zuro waje da ƙara. Ta leƙa. Komai ya koma ƙanƙane. Kafin ta ankara yatsanta ya zarce gaba ɗaya, ta ji ƙas, alhali sama take kallo.

"Innalillahi! Baba, na ɓata ɗaya."

"Saura shida. Manna gwiwar hannunki a jikinki. Riƙe numfashi."

Ta yi yadda ya ce. Koren hasken ya kama ya tsaya, ta ƙarasa. Sannan ta ɗauki kututturen kanyar da ke bakin gonar, wadda aka sare tun tana amarya.

"Daga kututturen nan taku goma sha biyu ne gabas," Malam Nababa ya ce. "Ku sauke ni."

Tasi'u ya tallafe shi, yana jan ƙafa yana ƙirgawa. A na sha biyu ya tsaya ya nuna ƙasa da sanda. Tasi'u ya zaunar da shi, ya kama haƙa da fartanya. Ya haƙa har gwiwa. Babu komai sai jar ƙasa da saiwoyi.

Sabo ya yi dariya. "Kun gani? Tsufa ne da ciwo. Direba, ci gaba da aikinka!"

Taraktar ta juyo, yanzu bai fi zagaye uku ya rage ta hau gambar ba. Asama'u ta sauke kyamarar. Ta kalli tsohon, ya kafa wa ƙafafunsa ido, leɓɓansa suna motsi. Ta ɗauka addu'a yake yi. Can sai ya ɗago.

"Kuskurena ne. Ranar da muka auna ina da ƙarfina. Takun lafiyayye ne, ba wannan jan ƙafar ba. Tasi'u, koma kututturen, kai ka taka."

Tasi'u ya koma da gudu, ya tako da faɗi yana ƙirgawa da ƙarfi. Na sha biyunsa ya wuce ramin farko da nisa, ya faɗa can cikin inda Sabo ya kafa sababbin turaku. Ya fara sara. Taraktar ta zo ta wuce kusa da shi, ƙasa tana fallatsa masa, bai ɗago ba. A sara na goma sha wani abu fartanyar ta yi ƙara. Ya jefar da ita ya sa hannu yana yaye ƙasa, sai ga bayan tsohon dutsen niƙa, rabinsa a fashe.

Asama'u ta ruga ta durƙusa a bakin ramin, ta danna rabi. Hasken ya dinga ƙiftawa. Ta saki ta sake, bai daina ba.

"Baba, ta ƙi!"

"Kin matsa da yawa. Ja baya taku biyu."

Ta ja baya, hasken ya tsaya, ta ɗauka. Ta ƙara ja ta ɗauki ramin da kututturen a tare. Tasi'u ya ɗauko Malam Nababa ya zaunar da shi a bakin ramin, tsohon ya miƙa hannu ya dafa dutsen. Tana ɗaga kyamarar sai ta ji an fizge igiyar daga wuyanta. Sabo ne. Ya juya kyamarar yana lalube, babban yatsansa ya sauka a kan ɗan makullin bayan.

Babu wanda ya motsa. Tasi'u yana riƙe da tsohon, ba zai iya sakinsa ba.

"Sabo." Muryar Malam Nababa ta yi ƙasa sosai, dole kowa ya kasa kunne. "Dutsen nan na kakarku ne. Ubanka ne ya ɗauko shi a ka daga gida, shi ya tura masa ƙasa da hannunsa, ya ce kada 'ya'yansa da na ɗan'uwansa su taɓa jayayya. Ni zan riga ka zuwa inda yake. In ka buɗe, ka faɗa min abin da zan ce masa."

Rurin taraktar ya ɗauke. Direban ya diro yana kakkaɓe hula. "Ni ba na nome rigima," ya ce, ya nufi inuwa.

Sabo ya daɗe yana kallon ramin. Daga ƙarshe ya ajiye kyamarar a kan kunya, ya juya ya bi hanyar gari.

Asama'u ta ɗauka ta hure ƙasar da ta taɓa ta. Ta ɗauki tsohon da hannunsa a kan dutsen, ta sake ɗauka don kada a samu matsala. Nan take kyamarar ta fara gurnani, fim ɗin yana naɗewa da kansa, lambar tana komawa baya. A sha ɗaya ƙarar ta ja, ta mutu.

"Cire batirin," ya ce, idonsa a rufe. "Murza shi a tafinki ya yi ɗumi. Mayar."

Ta murza har tafinta ya yi zafi. Ta mayar. Shiru. Sai kuma gurnanin ya dawo a hankali, lambar ta sauko har sifili.

"Yanzu ki buɗe. Kamaruddeen a Fagge, shi kaɗai na sani yana wankewa har yau. Ki ce ni na aiko ki."

Suka kamo hanyar komawa. Inna Tahira tana tsaye a ƙofar gida, da alama tun tafiyarsu ba ta zauna ba. Malam Nababa ya karɓi kunu ya sha kurɓi uku.

Washegari bayan azahar Asama'u tana surfe a tsakar gidanta ta jiyo salatin Inna Tahira ta bayan danga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ta jingine taɓaryar, ta ɗauki mayafi. Kafin la'asar sakaliya an kai Malam Nababa makwancinsa.

Ranar Laraba ta hau motar Kano daga Minjibir, fim ɗin ƙulle a bakin zaninta. Da ta gaya wa Kamaruddeen wanda ya aiko ta da abin da ya faru, sai ya cire tabarau ya yi masa addu'a, ya ce ta zauna ta jira. Ranar Asabar dagaci ya jera hotunan a kan buzu, ya ɗaga dodon a rana, dattawa suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Sabo bai yi musu ba. A ranar aka tuge turakun.

Da yamma ta shiga wajen Inna Tahira, wadda ke zaune a kan tabarma cikin takaba. Ta miƙa mata ambulan.

"Na farkon nan ba na gona ba ne, Inna. Naki ne."

Inna Tahira ta zaro su. Ga ta tana sheƙe dawa, ga ta tana ba awaki dusa, ga ta tana gyangyaɗi a gindin darbejiya da carbi a hannu. Babu ko ɗaya da take kallon mai ɗauka.

"Yaushe ya yi wannan?" ta ce. "Mutumin da ya ce min ba ya gani."

Na ƙarshen shi ne, zaune a bakin rami, hularsa ta karkace. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake matso da shi. Iskar hadari ta taso daga gabas tana ɗaga gefen hotunan. Ta jawo ƙwaryar gyaɗar da take ɓarewa, ta jera su a kan tabarmar, tana ɗora wa kowanne ƙwanso biyu.